Tsagar Baba

Kwatano, 9 ga Maris, 1986

Yaya Daado,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Baba yana nan a asibiti, an cire masa ruwa daga ciki. Abincin nan ne ba ya so, ya ce sakwarar mutanen kudu sai ka ce an daka sabulu.

Ki faɗa wa Inna na ji saƙonta. Ta san Baba bai taɓa yarda ya tsaya gaban mai hoto ba, yanzu kuma ta ce in zana mata fuskarsa. Zan yi. Ban da fentin allunan masu aski, duk ranar Asabar ina zuwa ajin zane na Malam Agosa. Yana koya mana bin gefen abu da alƙalami, ido na kan abin, ba a kallon takarda. Bayan haka sai a sirka tawada da ruwa a sa inuwa da burushi. Kullum faɗa yake: "Layi na gefe ne, ciki kuwa na ruwa ne!" Ni ba ya kiran sunana, sai "kai mai allo". 'Yan makarantar boko su yi ta dariya. Ina haƙuri, hannu nake nema.

Ƙaninki,
Tori

Kwatano, 2 ga Afrilu

Yaya Daado,

Yaya haƙuri? Yaya Inna take ɗaukar abin? Allah Ya jiƙan Baba. Na so in biyo motar da ta kai gawarsa gida Nikki, maigidana ya ce in na tafi kada in dawo.

Amma na samu zanen. Kwana huɗu kafin ya cika ya zauna mini kusa da taga. Ya ce, "Kai Tori, kallon nan ya yi yawa, saye na za ka yi?" Ban dubi takarda ba har na gama. Da na duba, Yaya, shi ne. Kunnen nan da ya fi ɗaya tsayi, haɓar, da tsagar kumatunsa, duk sun fito. Shi kansa ya ce, "Ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya mini."

Inuwa ce ta rage. Tsoro nake ji, don tawadata mai arha ce, ko ta bushe in ruwa ya taɓa ta narkewa take yi. Zan kai wa Malam ya nuna mini inda zan bi. Inna ta ƙara jira kaɗan.

Naki,
Tori

Kwatano, 20 ga Afrilu

Yaya Daado,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Wannan wasiƙar kada ki ba kowa ya karanta mata, ke kaɗai.

Na kai zanen aji. Malam Agosa yana da wata ɗabi'a, yana zagayawa da jiƙaƙƙen burushi a hannu yana gyara wa mutane aiki ba tare da ya tambaya ba. Ya tsaya a kaina ya ce, "A'a, mai allo, gefen nan ya yi kyau!" Karo na farko ke nan da ya yaba mini. Sai ya ce, "Amma waɗannan karce-karcen a kumatu fa? Inuwar malalata ke nan." Kafin in buɗe baki ya goga. Hagu, dama. Tsagar ta narke ta zama baƙin tabo har wuya.

Na ce, "Malam, tsagar ubana ce." Ya ɗago ya dube ni. Wata bakwai ina zaune a gabansa da irinta a fuskata, sai ran nan ya gani. Ya ce, "To ai da ka faɗa. Sake wani, takarda ba ta ƙare ba." Ya wuce tebur na gaba.

Na sake, Yaya. Sau goma sha ɗaya. Duk wanda na yi sai ya fito Kawu Gunu, ko wani dattijo da ban sani ba. Na ce to bari in mayar da tsagar a kan na farkon, tabon ya bushe ai. Na ɗauki alƙalami, hannuna ya tsaya. Ranar da na zana shi ban ƙirga layukan tsagar ba, idona ya bi, hannuna ya bi. Na san tasa ta fi tawa yawa, don ta mutanen da ce.

Ki zauna da Inna, ki jawo hirar kamar da wasa, kada ta gane dalili. A kuncinsa na hagu, bakwai ne ko takwas?

Ƙaninki,
Tori