Tsibirin Lalie da Sabuwar Na'ura

Bourg, Louisiana
3 ga Yuni

Zuwa ga jikata Noelie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da wannan gari naku na Portland da rana ba ta san hanyarsa ba. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwa, ita kuwa ta daɗe da raina ni. Kada ki ce me ya hana ni buga waya. Kin san kunnena, in kina magana ji nake kamar sauro ya faɗa kwalba. Rubutun kuma ki yi haƙuri da shi. Aji uku na yi babana ya ja ni jirgin kamun jatan lande, ɗan abin da na iya kakarki Lalie ce ta koya mini a teburin cin abinci.

Ga abin da ya sa na ɗauki fensir. Jiya muna shan kofi a gidan sayar da mai na abokina Clovis, sai surukinsa ya shigo yana zuba, wai za a fito da sabuwar na'urar wasa irin wadda Lalie ta bari, wadda ake riƙewa a hannu, in an ɗora ta a mazauninta kuma ta fito a talabijin. Wai cikinta ya ninka na tsohuwar sau takwas, ƙarfinta kuwa ba a magana. Clovis ya ce, "Ƙarfin doki nawa ne injinta?" Surukin ya ce ba a auna ta da doki. Clovis ya ce, "To ba inji ba ce, abin wuya ce."

Ke ce mai bin irin waɗannan labarai. Da gaske ne cikinta ya kai haka? Ina da dalilin tambaya.

Ta Lalie tana nan. Shekara uku ke nan tun rasuwarta ban cire ta daga wuta ba, kullum da safe ina shiga wasan gonarta in ba shuka ruwa, in lulluɓe ta da ƙyallen da ta saƙa. Sai dai kwanan nan bayanta ya ɗan taso kamar ƙullun burodi. Ina jin ƙiba ce ta zaman wuri ɗaya.

Kakanki,
Ovide Pitre


Portland
11 ga Yuni

Pawpaw nawa,

Na ga wasiƙarka, na yi dariya har maƙwabciyata ta buga bango. Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa, ina gaida Clovis da dawakansa.

Amma dariyar ta tsaya a layin ƙarshe. Pawpaw, ba ƙiba ba ce. Batirin ne ya kumbura, kuma batiri in ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Don Allah ka ɗauke ƙyallen nan yau, ka cire ta daga caji, ka kai ta wurin mai gyara a garin Houma. Gidanka ba intanet, kakata Mawmaw kuma ba ta taɓa ajiye wasanta a wani wuri ba. Gonar nan a cikin wannan akwatin kaɗai take a duk duniya. In ya mutu, ta tafi.

Batun sabuwar kuwa, ba wanda ya san komai, kowa kuma ya zama malami. Wani ya saki hoto dishi-dishi wai daga masana'anta, mutane sun yi mako biyu suna auna shi. Wasu sun ce cikinta sau takwas, wasu sau huɗu. Wasu sun ce a hannu ƙarfinta zai ragu don kada batiri ya ƙare, sai an ɗora ta a talabijin za ta nuna kanta. A wurin aikinmu akwai maza biyu da suka daina gaisawa a kan wannan. Abin da ni nake sa wa ido shi ne, ana cewa za a iya kwashe wasannin tsohuwar a zuba a sabuwar. Ana cewa ne fa.

Wane dalili ne kake ɓoyewa? Kai da ko wayar hannu ka ƙi?

Jikarka mai ƙaunarka,
Noelie


Bourg
24 ga Yuni

Noelie,

Bayan gaisuwa. Ƙyalle na ɗauke. Mai gyara kuwa ba zan je ba. Ban yarda wani mai ɗan kunne a hanci ya buɗe cikin kayan matata ba.

Kin tambayi dalili. Ke kin ɗauka gona ce kawai, don ba ki taɓa zama kin duba ba. Lokacin da ake yi wa Lalie ƙarin ruwan magani a asibiti, 'yar'uwarta ta kawo mata abin don ya ɗebe mata kewa. Da farko kabewa take shukawa. Wata rana ta miƙo mini ta ce, "Ovide, ina ne nan?" Na duba, sai ga rafi ya raba gari biyu, ga coci a kan ɗan tudu, ga itacen nan da guguwa ta karkatar. Tsibirin Marceau ne, inda aka haife mu. Ba ki san shi ba, ruwa ya cinye shi tun mahaifiyarki tana goye. Yau in kin bi ta wurin a jirgi, sandunan wayar wuta kaɗai za ki gani a tsaye cikin teku.

Gida gida ta gina shi. Gidan Tante Zoé mai maganin ƙuna. Shagon Duet inda ake rawa ranar Asabar, inda na taka mata ƙafa sau uku ta ce in ba don tausayi ba ba mai aurena. Shanun ma sunayen 'yan'uwanta ta sa musu, mai yawan kukan ita ce Odile.

Gida talatin da ɗaya ne a tsibirin. Ta gina ashirin da huɗu, wasan ya ce fili ya ƙare. Saura bakwai, har da na babana, don shi ne can ƙarshen gari. Ta ce, "Ka yi haƙuri, naku ya faɗa ruwa karo na biyu." Muka yi dariya, amma abin ya tsaya mata.

To ki lissafa. In cikin sabuwar ya ninka sau takwas, ko sau huɗun ma, ai fili ya samu. Na gaya wa Clovis, ya ce da irin wannan fili har filin ƙwallo sai in yi. Da ni da shi kaɗai muka rage waɗanda suka san inda kowace ƙofa take kallo, shi kuma rabin abin da ya sani ƙarya ne.

Yaushe za ta fito?

Kakanki


Portland
5 ga Yuli

Pawpaw,

Gaisuwa da ban girma. Sau uku na karanta wasiƙarka. Na zo gidanku ya fi sau ashirin tun tana raye, na gan ta da abin a hannu, ban taɓa cewa Mawmaw me kike ginawa ba. Na ji kunya.

Na so in bar ka da murnarka, amma kai ka hana ni ƙarya tun ina ƙarama. Girman cikin na'ura ba ya ƙara fili. Kamar rumbu ne: in ka gina babba zai ci buhu da yawa, amma buhun kansa ba zai ƙara girma ba. Wasan Mawmaw buhu ɗaya ne, waɗanda suka yi shi sun yanka masa iyaka. Ko a sabuwar, gida ashirin da huɗu ne. Sai dai ruwan rafin ya fi sheƙi.

Akwai kuma wani abu. In raɗe-raɗin nan gaskiya ne, kwashewar ƙaura ce. In tsibirin ya shiga sabuwar, zai fita daga tsohuwar. Kuma dole tsohuwar ta kunnu a ranar. Shi ya sa nake maka naci. Mai gyaran nan na yi magana da shi, sunansa Alcide, shekararsa sittin, hancinsa ba komai a ciki sai gashi.

Ka je, Pawpaw. Kai ka ce mini jirgin da ke yoyo ba a jira masa Lahadi.

Taka,
Noelie


Bourg
9 ga Satumba

Jikata,

Ina gaishe ki. Na san na yi shiru wata biyu. Fushi nake, ba da ke ba, da buhun.

Mahaifiyarki ta gaya miki guguwa ta taɓa mu. Rufi bai tashi ba, amma kwana shida ba wuta. Abin da ba ta sani ba shi ne wannan, ke ma kada ki gaya mata. Janaretana ƙarami ne, man da nake da shi kuma kaɗan. Na'urar ta kai in an cire ta daga wuta ko minti biyar ba ta yi. Na tsaya tsakanin firiza da ita. Na ce firiza tana shan mai kamar jirgi, wannan kuwa ɗan kurɓi take yi. Na cire firiza. Jatan landen bana duka, da agwagin da Clovis ya harbo, da miyar kuɓewar da na daskarar, duk na haƙa rami na binne a rana ta huɗu. Clovis ya zo ya tsaya a bakin ramin ya cire hula, ya ce, "Ovide, na ga mai sayar da saniya ya sayi doki, ban taɓa ganin wanda ya ba da abincin shekara don shanun da ba a tatsa ba." Na ce ya fita mini daga gida. Ya tafi ya dawo da tukunyar shinkafa da wake.

Duk da haka a rana ta biyar gilashin ya yi baƙi ina tsakiyar ban ruwa. Na danna, shiru. Noelie, na ga ruwa ya shiga ɗakin uwata, ban ji abin da na ji a ƙirjina ranar nan ba. Sai can da yamma ta farfaɗo, bayanta a tsage.

Washegari na samo takardar naɗe nama, doguwa, na shimfiɗa a tebur na fara kwafe garin da fensir. A nan na gano kakarki ta yi kuskure. Ta sa shagon Duet a hagun rafi, alhali a dama yake. Na faɗa mata da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki. Na san amsar da za ta ba ni, don haka a takardar ma na bar shi a hagu. Takarda kuwa ba ta ce fili ya ƙare ba. Na ɗora wata a gefe na manne, na sa bakwai ɗin. Gidan babana ya fito a karkace, amma dama a karkace yake.

Takarda ba ta kukan shanu dai. Gobe Clovis zai kai ni wurin mai gashin hancin.

Kakanki


Portland
20 ga Satumba

Pawpaw,

Gaisuwa. Ba zan gaya wa Mama ba, amma firizar nan ni zan cika ta, kada ka yi mini gardama.

An sanar! Jiya kamfanin ya nuna ta. Cikinta sau takwas ne, surukin Clovis ya ci gari. Kuma gaskiya ne, za a iya yin ƙaura daga tsohuwar. Sai dai ba za ta fito ba sai watan Afrilu.

Alcide ya kira ni. Ya ce ya canza batirin, amma kumburin ya riga ya tsaga wani abu a ciki, kuma ba ya gyaruwa. Ya ce tana iya kunnuwa sau hamsin, tana iya kunnuwa sau ɗaya, ba wanda ya sani. Shawararsa a kashe ta a ajiye, kada a taɓa sai ranar ƙaura. Ya ce da ya gaya maka haka, ka ɗauki hularka ka fita ba sallama.

Wata bakwai ba ban ruwa. Na san abin da nake roƙo. Shukar ba za ta mutu ba, ciyawa ce kawai za ta fito. Amma ba zan ce maka dole ba. Kai ka san safiyarka.

Na ɗauki hutu a Afrilu. Ka ajiye mini takardar naman, ina so ka bi da ni gida gida.

Noelie


Bourg
2 ga Oktoba

Noelie,

Gaisuwa mai yawa.

Ranar Lahadi bayan coci na shiga wasan. Na ba komai ruwa, na bi gari tun daga coci har inda fili ya ƙare, na shafa Odile. Na ce wa kakarki zan yi tafiya, kamar lokacin da nake fita teku, kada ta jira ni da abinci. Sannan na danna maɓallin kashewa, na riƙe, har na'urar ta yi duhu. Tana cikin akwatin ɗinkinta.

Safiya ta yi tsawo. Ina zuwa wurin Clovis tun bai buɗe ba, yana ta ƙorafi.

Ki zo da sabuwar da kanki, ban yarda da gidan waya ba. Ke za ki danna maɓallin kunna tsohuwar. In ta kunnu, ciyawar wata bakwai tana jiranmu, ni da ke. In ba ta kunnu ba, ki zo dai.

Kakanki,
Ovide