Ba Mu Kai Ta Juji Ba

Zuwa ga ƙanena Barau,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, ina aikin kuza? Yaya Tasalla da yara da sanyin Jos? Mu nan Wudil lafiya lau. Da hannuna nake rubuto maka, ajin yamma ya yi rana.

Albishirinka! Ladi matar ɗana Ishaya ta sauka, mun sami mace. Da yake uku ta binne a baya, yayarmu Kande ta zo daga Utai ta ce a kwantar da jaririyar a kan juji, a sa mata suna Ajuji, don mutuwa ta ɗauka ba ma son ta. Tsoro ya kama Ladi. Ni ma gabana ya faɗi.

Suna ya faɗo ranar sabuwar shekara. Bayan sujada na ɗauki jikata a gaban jama'a na ce, "Yaya, ba zan shiga shekara da ƙarya ba. Muna son ta, Allah ne ya ba mu. Sunanta Godiya."

Kande ta ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka jin magana. In ta bi sauran fa?"

Ladi ce ta amsa. "Gwaggo, ko kwana nawa Ubangiji ya ba ta, a bayana za ta yi su." Ta karɓe ta ta goya. Mata suka rangaɗa guɗa, har Kande ta taya su.

Ku sa Godiya cikin addu'a. Ka gai da 'yan'uwa na ikilisiyarku.

Ni ne wanka,
Nomau