Ɗanka Zai Dawo Tambuwal

Jos, Janairu 1961

Zuwa ga Yaya Armaya'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna?

Albishirinka, Yaya. Hedimasta ya kira ni har ofis, ya ce ɗan nan naka na wajena ya zo na ɗaya a ajinsu, kuma in ya zauna jarrabawa a lardinmu, shina kyautata zaton za a ɗauke shi sakandaren Sakkwato. Can 'yan lardi ake fara dubawa.

Don haka shi da uwarsa za su dawo Tambuwal bayan Sallah, kusa da babbar firamaren da zai shiga. A gyara musu ɗakin marigayi Baba. Ni zan tsaya bakin aiki. Kada ka damu, na fara koyon tuƙa tuwo, gudajin ma na raguwa.

Ka san ɗan fari ne, ko sunansa ban kamawa. Da na dawo daga ofishin, kaina kamar ya taɓa sama, amma ruwa kawai na ce ya ɗebo mini. In ya iso, don Allah kai ka gaya mishi abin da bakina ya kasa.

Ƙanenka,
Sambo