Ƙin Baba Gambo

Gashua, daren Alhamis

Alhamdu lillahi, yau hankalina ya kwanta. Tun Litinin ban yi barcin kirki ba saboda binciken manoman fadama da kwalejinmu ke yi da wata jami'a ta Turai.

A ƙauyen da muka je bayan Katuzu, Bulama, wato mai garin, ya tara mutane ya ce, "Malam, na amince a madadinsu duka, yi tambayarka." Amma a darasin da muke ɗauka ta intanet an ja mana kunne, sai kowa ya yarda da bakinsa. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, kunyar Bulama kamar in nutse. Da na zo kan wani dattijo, Baba Gambo, sai ya ce, "Ɗana, Bulama bakinsa ya ba ka, ba nawa ba. Gonata ba ta shiga takardarku." Wasu suka bi bayansa. Na ce shi ke nan, Turawa za su janye, a ce ni na ɓata.

Yau intanet ɗin garin nan ta ɗauke, sai da na je har Nguru. Na rubuta wa Baturiyar da ke duba aikinmu gaskiyar magana, na zauna ina jiran amsa. Ta amsa cewa da kowa ya yarda da ta yi shakka, waɗanda suka ƙi su ne shaidar an tambaya da gaske.

Gobe zan kai wa Baba Gambo goro. Bai san shi ya ceci aikin da ya ƙi ba.