Tsumman da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Shekara bakwai ke nan rabona da gida, ban taɓa sa maka baki a harkar gona ba. Yau zan sa.

An ce ka zuba masara a gonar Baba damina uku a jere, don wakilin kamfani yana ba ka iri da taki. Auta, a irin wannan gonar nake bauta. Masara iya ganinka, bara ita, bana ita. In ka tona ƙasar, doyi take kamar kwatar mahauta. Saiwa baƙa ƙirin, tana narkewa a hannu kamar majina. Ko tsutsa ta yi ƙaura. Sai in wanke hannu har ya yi ja, in zauna cin abinci, warin ya riga ni kwano.

Mai gwajin ƙasa a gonar da nake aiki ya ce akwai ƙananan halittu a cikinta da ido ba ya gani, su ke dafa wa shuka abinci. In kullum abu ɗaya ake shukawa, masu amfanin su ƙare, masu cutar su yi ƙiba. Shi ya sa Baba yake bin masara da wake, wake da gyaɗa.

Ka binne tsumman auduga biyu, ɗaya cikin masararka, ɗaya a kusurwar da Inna ta hana ka, inda take juya shukarta. Bayan wata biyu ka tono.

Ka huta lafiya.
Yayanka.

Yaya,

Muna gaishe ka. Wa'azi daga nesa daɗi gare shi. Rufin ɗakin Inna masarar nan ce ta sa shi, ba wasiƙarka ba. Yanzu ma wakili ya ce in haɗa da kusurwar Inna, ko ya janye irinsa.

Na binne tsummokaranka, don kada a ce na raina babba. Matata ta tsaya a kaina tana tambaya ko boka na koma.

Allah ya bar zumunci.
Auta.

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Na tono. Na wajen Inna ƙasa ta cinye shi, ɗan bakin ɗinki kawai na samu. Na cikin masara ya fito garau abinsa, sai ɗan karen wari. Matata ta wanke, da shi take sauke tukunya.

Masarar bana ta yi rawaya, ciyawar wuta-wuta ta cika gonar. Wakili ya zo, ya tsaya bakin hanya ya toshe hanci da hankici, ya ce in ƙara taki. Amsata yake jira a kan kusurwar. Inna kuwa ta ɗauki tabarma ta koma can da wuni, ta ce mai garma ya fara da ita.

In na ƙi shi, me yara za su ci? Kai da ka iya magana, faɗa min.

Ƙanenka, Auta.

Auta,

Ina gaishe ka. Gaskiyarka, rufin nan kai ka sa, ni ko ƙusa ban aiko ba. Ban ga laifinka ba, mai yunwa ba ya zaɓen hannu.

Amma kada ka ba shi kusurwar. Ita kaɗai ce ta rage da rai, kuma da irin Inna za mu fara jinyar sauran. Na ajiye aiki, hancina ya ƙoshi. Daminar farko za a sha wuya, tare za mu sha.

Ka ce wa Inna ta naɗe tabarmarta ta koma inuwa, ina tafe. Sai na iso.

Kada yara su tare ni da sa rai. Ga abin da na tara a shekara bakwai: kuɗin mota, takalmin roba ƙafa biyu, tari a ƙirji, da irin wake kwano huɗu.

Yayanka.