Sunaye Biyu da Inna Ba Ta Faɗa

Litinin, 7 ga Afrilu

Shamsu mai ɗab'i ya bugo daga Yamai ina tsakiyar gyaran takardun yara. Ya ce komai ya kammala, bango kawai ya rage. "Madam, wane suna za a sa?" Na ce zan kira shi. Shekara nawa ina rubuta littafin nan ina hana kaina zane da takalmi don in buga shi da kuɗina, amma wannan tambayar ban taɓa zama na yi wa kaina ita ba.

Littafin Baba ne gaba ɗayansa. Yadda yake ɗaura fatar guza a ƙwarya, yadda yake shafa ƙaro a izga, da kiɗan da kowace doguwa take so in 'yan bori sun taru a garinmu Lugu. A takarduna na lakwal, wato na makarantar boko, sunana Rahina Mani. In na sa nawa, na sa nasa ke nan, kuma duk Arewa Mani mai goge ɗaya aka sani.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na yini ina raɗa wa kaina suna kamar jaririya. 'Yar Arewa, ya yi kama da sunan shagon ɗinki. Ummuhani Tukur ya fi zama a baki. Na faɗe shi da ƙarfi a ɗaki, na yi dariya, sai na ga ba wanda zan ba labarin dariyar. Nan Kore Mairuwa kowa Madam yake ce mini, har mai gidan da nake haya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ba kuran tun safe, lantarkin ya ƙi dawowa. Zafi. Ban yi magana da kowa ba sai mai ruwa.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na je Dogon Dutsi, gidan ƙanena Abdussalamu inda Inna take zaune tun rasuwar Baba. Da na san haka za a yi da na bar maganar littafin a cikina.

Abdussalamu malamin Islamiyya ne yanzu, kuma Abdussalamu Usmanu yake rubutawa, sunan yanka na Baba da ba wanda ya taɓa kiransa da shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya, ke kina can, ni nike nan. Kin manta yadda yara ke bi na suna kwaikwayon goge da kara? Da ƙyar mutane sunka bar wanga zance." Na ce ai Baba ba sata ya yi ba. Ya ce in dai da sunan Baba littafin zai fito, kada ya shigo masa gida, ni ma in ɗan yi nesa har ƙura ta lafa. Bai ɗaga murya ba. Shi yake ci da Inna, shi yake kai ta likita, ban da bakin cewa mugu ne.

Inna tana gefe tana tsinke zogale, ba ta ɗago kai ba. Ni ce 'yar fari, don haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce, in kuma da wani take magana, "yayassu". Sunan Baba ma haka, miji ne, sai "ubanku". Na san kunya ce ta mutanenmu, ba ƙiyayya ba. Amma yau na so ta yi ko tari ne don in san inda take. Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Na ɗauka ta bi bayan ɗanta.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na tura wa Shamsu: Ummuhani Tukur. Shi ke nan, kowa ya huta. Gidan nan ne kaɗai inda zan shiga a ajiye mini tuwo ba tare da na tambaya ba, ba zan sayar da shi saboda layi ɗaya a bango ba.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hoton bangon ya shigo waya. Ya yi kyau, goge a kan tabarma, ƙasa kuma sunan matar nan. Mushe Ishaku da muke raba aji ya leƙo ya ce, "Wace ce wannan? 'Yar ƙasarmu ce?" Na ce wata ce dai. Ya ce to Allah Ya ba ta kasuwa, ya wuce.

Wata ce dai. Da bakina.

Talata, 6 ga Mayu

Hadari ya haɗo da la'asar, ya watse bai zubar ba. Irin wannan lokacin Baba ba ya kwana gida, garuruwa na aiko masa. Ina bin sa riƙe da jakar goge, mutane na cewa ga 'yar Mani nan. Ina jin kaina wata babba. Yanzu na rubuta mutum shafi bayan shafi na kuma ce ban san shi ba. Kewarsa ta dame ni yau, har na kasa cin abinci.

Asabar, 10 ga Mayu

Dutsi kuma. Abdussalamu ya tafi ɗaurin aure Kiyeshe, gidan sai mata. Ina zaune a tsakar gida na ji Inna tana ce wa A'i, matar Abdussalamu, "Ce ma yayassu ta kawo abin nan in gani."

Na miƙa mata waya, hoton bangon a buɗe. Ta daɗe tana kallon gogen. Ba ta karatu, sai ta sa yatsa a kan rubutun ta ce wa A'i, "Nan mi anka ce?" A'i ta karanta mata.

"Ummuhani wa?" in ji Inna. "Ɗiyar wa ta?"

Na ce ba kowa ba ce, ni na ƙirƙira don a zauna lafiya. Ta mayar mini da wayar kamar wadda aka ba canjin da bai cika ba. Ta koma kan tsintar shinkafarta, na ce magana ta ƙare. Can sai ta yi magana, idonta a kan faifai, ba ni take kallo ba:

"Tun da munka baro Lugu ban ƙara jin wani ya kira shi ba. Ke ma nan sai Yaya, sai Madam. Ni ban taɓa hwaɗin sunayenku ba, ba ni kuma hwaɗi har in mutu. Amma bakina ad da kunya, ba kunnena ba."

A'i ta tashi wai za ta duba tukunya. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Iya tsawon rayuwata wannan ce magana mafi tsawo da Inna ta taɓa yi mini.

Litinin, 12 ga Mayu

Na kira Shamsu. Ya ce saura ƙiris da sun fara bugawa, ya yi ta mita. Na harhaɗa masa baƙaƙen Rahina Mani ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Daga nan na tura wa Abdussalamu saƙon murya, don kada ya ji a bakin wani. Ya saurara, na ga alamar.

Lahadi, 25 ga Mayu

Har yau Abdussalamu bai kira ba. Juma'a biyu ban je Dutsi ba. Ina tsoro, gaskiya.

Laraba, 18 ga Yuni

Kwalin ya iso tun makon jiya, yana bayan ƙofa. Na aika wa A'i guda ɗaya ta hannun direba, na ce ta bar shi gidan maƙwabta tunda an hana shi shiga.

Ɗazu ta bugo tana ƙunshe dariya. Wai Inna ta je da kanta ta karɓo, ta sa shi cikin hijabi. Da yamma sai ta fitar da tabarma ƙofar gida, duk wanda ya wuce mai alamar boko ta tsayar da shi, ta sa yatsa ta ce, "Karanta man nan." Ya karanta, ta ce ba ta ji ba, ya ƙara. Ko buɗe littafin ba ta yi ba, bangon kawai take so. Jiya Abdussalamu ya dawo masallaci ya iske ta a haka, shi ma ta miƙa masa. Na ce ya karanta? A'i ta ce ya daɗe a tsaye, daga baya ya ce wani abu ƙasa ƙasa ya shige ciki, ita dai ba ta ji ba. Amma Inna ba ta ce ya ƙara ba.

Juma'a zan je Dutsi. Ba don komai ba, sabuluna ne ya ƙare, na can kuma ya fi kumfa.