Ginshiƙin Da Ba Ya Ɗauke Da Komai

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar maiɗakinka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto ne don bakina ba zai iya faɗar wannan a waya ba. Ka san ni, daga ɗaukar kwanon kankare na kafa kamfanina, shekara talatin ginina bai taɓa tsagewa ba. To, 'yarka Injiniya, wato 'yar cikina, ta samu aikinta na farko, ɗakin taron wata makaranta, bisa sharaɗin babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Sai ta kawo wani katako daga masana'anta, wai an matse shi da zafi, an manne shi fale-fale har ya yi ƙarfin ƙarfe, shi zai ɗauki rufin. Na ce mata abincin gara ba ya ɗaukar rufi. Ta yi murmushi irin na uwarta.

Da ta yi tafiya, na tara leburorina muka zuba ginshiƙin kankare a tsakiyar ɗakin. Na bar 'yar tazara a sama, don in katakon ya lanƙwasa ya samu mazauni. A raina ceton yarinya nake yi.

Ta dawo, ta ga ginshiƙin. Ta sa aka ɗora tankuna shida cike da ruwa a kan rufin. Bayan kwana biyu ta riƙe mini tsani, ta miƙo takarda, ta ce Baba zura tsakanin ginshiƙinka da katakona. Ƙanena, takardar ta wuce sumul, ta faɗo ta ɗaya gefen. Sau uku ina maimaitawa. Ina saukowa na jiyo birkilana, ka san bakinsa, yana cewa ginshiƙin ya ɗauko maigida: tsaye ƙiƙam, kowa na kauce masa, alhali ba ya ɗauke da komai.

Jibi masu makarantar za su zo dubawa. In suka tarar da ginshiƙin, za su ƙwace aikin daga hannunta. Ta ce za ta kira masu rusau, na ce a'a. Ban taɓa fasa abin da na gina ba, amma gobe da safe ni zan fara sa guduma.

Ka taya ni da addu'a. Rodi goma sha shida na zuba masa, don kada ya taɓa faɗuwa.

Ka gaishe da yara.

Naka yayanka,
Sarkin Kankare, in har yanzu sunan ya dace